Jinyar Rabi da Kunyar 'Yar Fari

Da sunan Allah nake farawa, shi ya ba ni Rabi, shi kuma ya karɓi abinsa. Sunana Iro, noma nake yi a Mabai. Boko da girmana na koye shi, a ajin manya da ake yi mana gindin tsamiya, don haka wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da ƙotar fartanya. Abin da ya zaunar da ni rubuta jinyar matata shi ne wani kuskure da muka kusa tafkawa, ni da ita da dangi, alhali muna ganin mutunci muke tsarewa. Allah ya fisshe mu ana saura ƙiris. Ina so duk mai majinyaci a ɗaki ya ji, kada ya tsaya inda muka tsaya.

'Ya'ya uku Allah ya ba mu. Ta fari mace ce, aka sa mata sunan mahaifiyata, Hauwa'u. Sai maza biyu, Musa da Abdu. Shekarar da sanƙarau ya ratsa ƙasarmu, cikin zafin bazara, ya ɗauke mazan ɗaya bayan ɗaya, babban ya fara tasawa, ƙaramin yana bin awaki. Ranar da aka binne na biyun na zauna a zaure na kasa ko amsa gaisuwa. Rabi ce ta aiko mini da buta, ta ce a gaya mini lokacin salla ya yi. Haka take. Inda ni zan yi ta mita, ita alwala take yi.

Saura 'yar farin. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Rabi ta wuce ta kowa, wataƙila don kakarta Bafillatana ce. Da aka yaye yarinyar, yayata Dije, wadda ke aure a Ruwan Godiya ta ƙasar Faskari kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta goye ta ta tafi. A can ta girma, a can aka aurar da ita. Rabi ba ta taɓa kiran sunanta ba, ga shi na fari, ga shi na suruka. In zance ya kama dole, sai ta ce "ta Ruwan Godiya". In yarinyar ta zo ganin gida, Rabi sai ta tsiri aiki a bayan ɗaki har a tafi. Mata suna yabonta, har kwatance ake yi da ita a gidajen biki, ita ma tana jin daɗin yabon. Ni ma ba baya ba ne, "mutuniyar Yaya Dije" nake cewa, ina jin kaina dattijo.

Ciwon ya fara ne bayan an kai amfanin gona gida. Na lura in tana daka sai ta tsaya ta dafe ƙirjinta na hagu. Na tambaya, ta ce taɓarya ce ta yi mata nauyi. Sai da makonni suka wuce kafin ta yarda ta gaya mini akwai wani ƙulli a nononta, mai tauri kamar ƙwallon goruba. Tun kafin damina ta ji shi, ta yi shiru, wai don ba ya ciwo.

Da labari ya fita, kowa a Mabai ya zama mai magani. Wanzami ya zo ya yi ƙaho, jini ya fita, ƙulli yana nan. Maƙwabciyarmu Inna Kande, tsohuwar kirki, ta kawo saiwoyi da sassaƙe, aka dafa, aka sha, aka shafa. A kasuwar Ƙanƙara na faɗa hannun wani mai baki, wanda garinsa guda ke maganin basir da ciwon ido da rashin kasuwa. Akuyata ta tafi a kansa, Rabi kuwa ta kwana biyu tana amai. Wasu suka ce jifa ne, har suka fara raɗa mini sunayen waɗanda suke zargi, mutanen da muke cin tuwo tare. Na kore su. Limaminmu ya yi mata rubutu, ta ce shi kaɗai ne ke sanyaya mata zuciya, amma shi da kansa ya ja ni gefe ya ce, "Malam Iro, a sha rubutu, a kuma tahi asibiti. Dut maganin Allah ne."

Na ɗora ta a jaki muka je ƙaramin asibitin gari. Muka bi layi tun hantsi har rana ta take tsaka, ga mai gyambo, ga mai tari, ga mata da jarirai. Malamin asibitin ya duba, na ga fuskarsa ta sauya. Bai ɓata mana lokaci ba, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, mu nemi Zariya. Allah ya saka masa, da wani ne da ya cika mu da ruwan magani mai ɗaci mu yi ta zarya.

Na sayar da ɗan maraƙin da nake kiwo. Lokacin ana ƙarshen cinikin auduga, muka samu mota mai kai kaya Funtuwa, aka ɗora mu can bisa buhuna. Duk ramin da motar ta faɗa sai Rabi ta cije leɓe, ni kuwa ina ta faɗa da direban da ko jina ba ya yi. Daga Funtuwa muka shiga jirgin ƙasa. Ba ta taɓa shiga ba. Ta leƙa taga tana kallon itatuwa suna gudu, ta ce, "Malam, ashe sai na yi ciwo za ka kai ni yawon buɗe ido." Muka yi dariya, mutane suna kallonmu.

A wani asibiti can Zariya muka ga abin da ake kira jira. Kwana muke gindin mangwaro tare da sauran 'yan jinya, da safe a bi layi, a ce likita bai zo ba, gobe a ce ya zo amma ya shiga aiki. Akwai wani mai gadin ƙofa da ke daka mana tsawa kamar mun zo sata. Amma a wurin nan dai akwai wata mai ƙosai da ba ta san mu ba, ba mu san ta ba, ta ga Rabi kwance a ƙasa ta kawo mata tabarma, kullum kuma sai ta aiko mata da koko mai zafi. Ko sunanta ban tambaya ba, abin yana damuna har yau.

Ranar da muka samu shiga, likitan Bature ne, da tafinta a gefensa. Ya daɗe yana dubawa, ya taɓa hammatarta, ya taɓa wuyanta, ya sa abin saurare a bayanta. Sannan ya yi magana a hankali, tafinta ya juya mana.

"Likita ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi saiwa. Ya ce da kun zo tun yana ƙarami da an yanke shi. Yanzu inda ya kai, wuƙa ba ta kaiwa. Za a ba ku maganin rage zafi, ku koma gida ku kula da ita."

Ya yi saiwa. Ni manomi ne, ba na bukatar ƙarin bayani. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan ce duk wahalar nan a kan wannan muka sha ta, sai Rabi ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, yi mashi godiya, gaskiya ya hwaɗa muna. Mu tahi gida."

Muka dawo cikin bazara. Kafin ruwan shuka wurin ya fashe ya zama gyambo, hannun hagu ya kumbura, ta daina iya ɗaga tulu, daga baya ko ƙoƙo. Iyayenta sun rasu, ƙanwarta guda tana aure can Sabuwa, ta zo ta yi mana makonni, amma tana da goyo ga shuka ta zo, dole ta koma. Inna Kande tana shigowa safe da yamma, sai dai ita ma ƙafafunta sai a hankali. Saura ni. Na koyi dama kunu da tsufana. Na farko ya fito kamar ruwan wanki, na biyu sai da na nemi wuƙa. Rabi ta sha ta ce ya yi daɗi, Allah ya yafe mata wannan. Tsummokin gyambon kuwa bayan rumbu nake laɓewa in wanke don kada maza su gan ni, har na gaji da laɓewar na koma yin abina a tsakar gida.

Cikin haka Yaya Dije ta zo dubiya, ta taho da yarinyar. Yaya ta shiga ɗaki ta zauna. Ita kuwa a bakin ƙofa ta durƙusa, daga waje, kanta a ƙasa. Rabi na jin muryarta ta juya fuska bango.

"Inna, a gaishe da mai jiki," in ji yarinyar, don Yaya Dije take kira Inna.

Yaya ta ce, "Rabi, ana gaishe ki."

Rabi ta ce wa bango, "Ana amsawa."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan. Washegari suka kama hanya. Matan da ke wurin suka yi ta jinjinawa, wai Rabi ko ciwo bai raba ta da kunya ba. Ni ma har da gyaɗa kai. Ba wanda ya ce yarinyar ta tsaya jinya, don wa zai ce 'yar fari ta buɗe jikin uwarta ta wanke? Ita Rabi ba za ta nema ba, yarinyar ba za ta tsaya ba a ce ta tsaya ba, ni kuwa bakina ba ya ko iya kama sunanta. Ga uwa tana mutuwa, ga 'ya guda da ta rage mata a duniya, kowa yana jiran wani ya fara.

Da ruwa ya zauna, Rabi ta tsiro da wata tambaya. "Malam, ko an samu ruwa wajen Faskari?" Ni kuma da kaifin basirata sai in je kasuwa in tare mutanen Faskari, in dawo mata da labari tiryan-tiryan, dawa ta yi kaza, gyaɗa ta yi kaza, tsutsa ta taɓa auduga. Ta ce "To, madalla," ta rufe ido. Bayan kwana kaɗan ta sake tambaya. Ni a zatona matata ta kamu da son labarin noma.

Wata safiya cikin marka ina gyara mata kwanciya, bayana ya riƙe. Haushi ya kama ni, ba nata ba, na kaɗaici. Na ce, "Da Musa da Abdu na nan, da yanzu ina da mai kama mani. Amma Allah ya kwashe muna ɗiya dut, bai bar muna ko guda ba."

Matar da ƙoƙo ke gagara, sai ga ta ta damƙi wuyan hannuna da hannunta mai lafiya.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ba dut ya kwashe ba."

Ta sake ni, ta ja zane ta rufe fuska. Tun da aka yaye yarinyar ban taɓa jin Rabi ta lissafa ta cikin 'ya'yanta ba, sai ranar. Na ji kunyar Ubangijina, ya bar mini 'ya rayayya ina cewa bai bar mini komai ba. Na ce, "In tahi in zo da ita?" Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Zanen dai na ga ya jiƙe a wajen idonta.

Duk da haka ban iya yanke shawara ni kaɗai ba. Bayan sallar la'asar na tsaya wajen Liman na zayyana masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kunya abu ce mai kyau, addini ma ya yabe ta. Amma ni a iyakar ɗan karatuna ban ga inda anka ce uwa ta mutu ba ta yi magana da ɗiyarta ba. Abin da na gani, ɗiya na da hakki bisa uwa, uwa na da hakki bisa ɗiya, kuma za a tambaya."

Na ce, "Malam, mi mutane za su ce?"

"Mutanen nan, cikinsu wa ke wanke mata gyambo? Tashi ka ɗaura ma jakinka akumari."

Na bar Rabi hannun Inna Kande na kama hanya da sassafe. Tafiyar yini ce in hanya ta bushe, amma marka ce. Na iske wata ƙorama ta kawo, na zauna bakinta ina kallon ruwa, zuciyata tana ce mini kada fa in koma in tarar an gama. Ban taɓa roƙon Allah irin na bakin ƙoramar nan ba. Ba warkewa na roƙa mata ba, na san an wuce nan. Cewa nake, Allah ka ara mata kwanaki har su gana. Da ruwan ya ja na ratsa, jaki yana turjewa ina jansa, muka shiga Ruwan Godiya bayan magariba.

Kai tsaye na shiga wajen Yaya Dije. Tana tankaɗe, ta dube ni sama da ƙasa.

"Iro, lahiya da taɓo har gwiwa? Ya mai jiki?"

"Jiki ya yi nisa, Yaya. Na zo ne a kan mutuniyar taki."

"Mutanena na da yawa. Wacce?"

Ta san wadda nake nufi, so take ta ga na yi gumi, haka take yi mini tun muna yara. Na ce ina so a ba ni ita ta je ta yi jinya. Sai ta ajiye rariya, wasa ya ƙare.

"Sai yau kunka tuna kuna da ɗiya? Da ƙyanda ta kama ta, wa ya zauna bisa kanta? Kuma Rabin da ta ƙare ƙuruciyarta tana juya mata baya, yau ita za ta buɗe jiki gaban ɗiyar hwari? Kunya za ka ba matarka a ƙarshen ranta, Iro, ka zubar mata da abin da ta daɗe tana tarawa."

Na gaya mata abin da na faɗa, da abin da Rabi ta mayar mini. Da na dubi fuskarta, sai na gane ba al'ada kaɗai ke magana ba. Matar nan ba ta da kowa sai yarinyar. Na ce, "Yaya, ba ƙwace na zo yi maki ba. Aro na zo, kuma ba aron da zai daɗe ba ne."

Ta sake ɗaukar rariyarta. Ashe yarinyar ta shigo gaida ni, tana bayan zana tana ji. Ta fito ta durƙusa, ba ni ta kalla ba, Yaya ta kalla.

"Inna, tun ran da munka dawo kayana ke ɗaure. Jira nike a ce in zo."

Yaya Dije ta share ido da bakin zane ta daka mata tsawa. "To mi kike zaune yi? Tahi ki hwaɗa ma mijinki. Ki bar mani ɗan yaron naki, ki ɗauki daddawar can ki kai mata." Mijin, yaron kirki, bai ko bari an ƙarasa ba ya ce a tafi.

Muka iske Rabi da rai, alhamdu lillahi. Na ɗauka aiki ya ƙare, ashe yanzu ya fara. Yarinyar ta shiga ɗaki kam, ta karɓi wanki da girki da wankin gyambo, hannunta ya fi nawa taushi nesa ba kusa ba. Amma magana, a'a. Ni na zama tafinta kamar na asibitin Zariya.

"Malam, ka ce ruwan ya yi zahi."

"An ce ruwan ya yi zahi."

"Baba, a ce a ɗan ɗaga hannun."

"An ce ki ɗaga hannun."

A ɗaki guda fa, gwiwar wannan tana taɓa gadon waccan. Na yi kwanaki ina wannan aiki har abin ya ishe ni. Na ce a raina ba don wannan na ratsa ƙorama ba, kuma kwanakin da na roƙa ƙarewa suke. Wata safiya na saɓa fartanya na tsaya bakin ƙofa na ce, "Ciyawa ta cinye mani gona, na tahi sai la'asar. Mai magana ya hwaɗi abinshi da bakinshi." Na biya na roƙi Inna Kande kada ta leƙa ko da ta ji shiru.

A gonar ban yi aikin kirki ba. Ina sara ina tunanin ko na yi ganganci, ko yanzu Rabi tana jin ƙishi ta ƙi magana. Ban iya kaiwa la'asar ba, bayan azahar na dawo. Da na zo bayan zana sai na ji murya ƙasa-ƙasa, sannan na ji dariya, dariyar mutum biyu. Na leƙa ta ɓular zana. An fito da Rabi inuwar ɗaki, kanta yana bisa cinyar 'yarta, ana tsefe mata kitson da ya daɗe da dunƙulewa.

"Ran da anka haife ki ruwa anka yi kamar da bakin ƙwarya," in ji Rabi. "Ubanki ya ruga kiran ungozoma ya hwaɗa kududdufi, ya dawo ba ungozoma ba hula."

Wannan gaskiya ne, sai dai ban so aka tona ba. Suka yi dariya, sannan muryarta ta sauka.

"Ran da Dije ta goye ki kuwa, bayan ɗaki na zagaya na cusa zane a baki don kar a ji. Dut zuwan da kike yi, aikin da nike tsira a bayan ɗaki ba aiki ba ne. Akwai wata 'yar kahwa a jikin danga, ta nan nike kallonki."

Yarinyar ta sunkuya ta ɗora goshinta a kan na uwarta. Na ja da baya a hankali, na koma zaure, na yi alwala na kai goshina ƙasa. Tun da muka baro Zariya ban ji ƙirjina ya yi sakayau irin na ranar ba.

Ba zan ce ciwo ya ragu ba. Ƙaruwa ya yi. Maganin rage zafin ya ƙare, tari ya shigo, numfashi ya yi gajere, ta rame har ana iya ɗaukarta kamar yarinya. Amma ɗakin ya daina zama ɗakin jira. Hira suke yi kamar masu biyan bashin shekaru, wane ya auri wance, yaya yaron yake, wa ya kama. In zafi ya taso, yarinyar ta riƙe ta suna salati tare har ya lafa. Surutu kuwa an yi shi. Wasu matan da ke yabonta da can suka ce ciwo ya taɓa wa Rabi hankali. Da maganar ta kai kunnenta sai ta ce, "Ku ce masu yanzu ya dawo." Abu guda ne ya rage, sunan. "Ke" take cewa, ko "yarinya". Ban matsa ba, na ga abin da aka samu ma ya isa godiya.

Gero ya nuna, yarinyar ta gasa mata tumu ta murje, ta ɗanɗana 'yan ƙwayoyi ta ce ta ci sabon amfani. Bayan kwana kaɗan, da la'asar sakaliya, ta sa aka kira ni. Ina shiga na san lokaci ya yi.

"Malam, ka yahe mani."

"Na yahe maki duniya da lahira. Ni ma ki yahe mani."

"Ban riƙe ka da komi ba, sai kunun nan." Ta yi ɗan murmushi, ta huta, sannan ta ce, "Kai ma kar ka jira sai ka kwanta."

Ta juya ido wajen 'yarta. Ta daɗe tana tattara numfashi. Sannan ta faɗa, a fili, ba raɗa ba, har Inna Kande da ke bakin ƙofa ta ji.

"Hauwa'u."

"Na'am, Iya."

"Allah shi yi maki albarka."

Na matsa kusa da kunnenta ina kalmar shahada, leɓɓanta suna bina. Kafin a kira magariba ta cika, kanta a cinyar 'yarta.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, har yau in na shiga ɗakin sai na ji wani iri. Amma ba irin kukan Musa da Abdu ba ne, wanda ke shaƙe mutum. Wannan kuka ne da godiya a cikinsa. Na roƙi kwanaki an ba ni, ba abin da ya rage ba a faɗa ba. In na tuna da a ce ruwan ƙoramar nan bai ja ba, ko da na ci gaba da kawo mata labarin dawa da gyaɗa, sai tsigar jikina ta tashi.

Saboda haka ga abin da zan ce. Mace in ta ji ƙulli a jikinta ta faɗa tun yana ƙarami, namiji kuma ya bar masu garin kasuwa ya nufi asibiti. Kunya kuwa a riƙe ta, ado ce, amma in majinyaci ya kwanta a duba a gani wa yake so ya kasa nema. Ina godiya ga Inna Kande da Liman da Yaya Dije, da mai ƙosan Zariya, Allah ya san sunanta. Mai gadin ƙofar ma na yafe masa, ko da yake sai da na yi da gaske.

Bayan sadakar arba'in mijin yarinyar ya zo ɗaukarta. Ina zaune ƙofar zaure da dattawa, ta fito ta durƙusa daga nesa kamar yadda ta saba, kai a ƙasa, ta ce, "Baba, mun tahi." Na ce "To," kamar yadda na saba. Ta tashi ta bi bayan jaki. Ina kallo har ta kusa shan kwana, maganar Rabi tana cin raina. Sunan uwata ne, ban taɓa ɗaga murya da shi ba. Na miƙe tsaye, na buɗe baki da ƙyar.

"Hauwa'u!"

Dattawan suka juyo suna kallona. Ta tsaya cak, ta waiwayo, ta dawo da sauri har gabana.

"Na'am, Baba. An manta wani abu?"

Ban tanadi abin da zan ce bayan sunan ba. Na tsaya ina kallon 'yata ido da ido a gaban mutane.

"Ba komi," na ce. "Kiranki dai na yi."